Zagaye Uku a Filin Maci

Ba zan taɓa mantawa da ɗaya ga Oktoban 1975 ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a Kafanchan da ba za su bar ni ba. Ranar ce Najeriya ta cika shekara goma sha biyar da samun 'yancin kai, ni kuma na cika kwana tara da samun nawa.

Bari in fara gabatar da mai mulkin mallakar tawa. Sunansa Bitrus, yayana ne ciki ɗaya, yana aikin gyaran kan jirgin ƙasa. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara bakwai, shi ya ɗauko ni daga Manchok ya sa ni makaranta, ya riƙe ni har na gama kwalejin horon malamai na fara koyarwa a wata firamare. Mutumin kirki ne, wannan ba na musu. Matsalarsa ɗaya: a idonsa ban taɓa wuce shekara bakwai ɗin nan ba. Ina da shekara ashirin da uku, ina riƙe da aji shida, amma kullum safe sai ya ɗora ni a kariyar kekensa ya kai ni har ƙofar makaranta. Ya sauke ni a gaban ɗalibaina, ya gyara mini ɗankwali, ya tambaye ni ko na ɗauko lema. Yara kuwa su rusuna da ladabin munafunci su ce, "Malama, an kawo ki?"

Da aka yi ƙarin albashin nan da ya sa kowane ma'aikaci ya fara leƙen shagunan abin hawa, sai na yanke shawara biyu a ɓoye. Na nemi ɗaki a kwatas ɗin malamai, na kuma sayi ƙaramin babur irin na mata, shuɗi, mai kwando a gaba.

Kwana uku na yi ina gwada jawabina a gaban madubi. Ranar da zan gabatar da shi muna cin tuwon acca, matarsa Saratu na zuba mana miya. Na gyara zama na ce, "Yaya, Turawa sun tafi tun ina aji biyu. Ni kaɗai na rage a ƙarƙashin mulkin mallaka a ƙasar nan." Daga nan na fasa masa zancen ɗakin da babur ɗin.

Na zaci zai yi faɗa, har na tanadi amsoshi. Bai yi ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu. Sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in bari ya koya mini hawan babur ɗin ko na mako ɗaya ne. Ni kuwa bakina ya riga ya ɗauki zafi. Na ce masa wanda ya karɓi tutarsa ba ya komawa gidan Gwamna ɗaukar darasi. (Har yau in na tuna wannan jimla sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. A lokacin kuwa ji na yi ya kamata a buga ta a jarida.) Washegari Saratu ta taya ni ɗaure akwati, shi kuma ya fita aiki da wuri.

Bakaniken da ya haɗa mini babur ɗin shi ya koya mini hawa, a yammaci ɗaya, a bayan tasha. Rabin darasin yadda ake tayarwa ne, sauran rabin yadda ake murɗa totur. Zancen tsayawa sai da na tambaya. Ya nuna mini wani ƙarfe kusa da ƙafar dama ya ce in taka nan, na hannu kuwa kada in kuskura in taɓa shi, zai wurgar da ni kan kwalta. Na riƙe gargaɗin nan kamar ayar haddace.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, a kwana taran nan ban taka birkin ba ko sau ɗaya. Tafiyar hawainiya nake yi daga kwatas zuwa kasuwa, in na iso sai in sassauta totur in sauke ƙafafu biyu, silifas ɗina su ja ƙasa har mu tsaya. Na ɗauka haka kowa ke yi. Sauran 'yancin ma dai haka yake tafiya: shinkafa ta ƙone sau biyu, rufin ɗakin yana yoyo daidai kan gado, ranar Lahadi kuma na canza benci a coci don kada mu haɗa ido da Yaya. Amma duk wanda ya tambaye ni sai in ce ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na yanzu ba.

To, ga bikin 'yancin kai ya ƙarato. Hedimasta ya ɗora mini 'yan matan aji shida, ni zan jagorance su a maci. Mako biyu muna gwaji a rana. Na ja musu kunne sosai: kada wadda ta motsa sai ta ga na wuce gaba, in kuwa na wuce, su biyo ni duk inda na nufa, ko rami ne. Yara masu biyayya ne, Allah ya yi musu albarka.

Da safiyar ranar na tsaya kwalliya. Siket fari, riga kore, da wani takalmi da na sayo musamman, irin mai tudun nan da ake yayi, wanda tsayin ƙasansa ya kusa bulo. Kafin in gama na makara. Na hau babur na murɗa fiye da yadda na saba, ina lissafin yadda zan isa in faka a gindin mangwaron da ke bakin fili, in sauko a hankali kowa ya ga takalmin.

Fili ya cika maƙil. Makarantu sun jeru, 'yan badujala sun riƙe kayansu, manyan baƙi suna cikin rumfa, Di'o, babban jami'in mulkin yankinmu, a tsakiya. Ana jira kawai a ba da umarni. Na hango mangwaron, na ce yau kam da irin takalmin nan ba a jan ƙasa, bari in taka birki kamar wayayyu. Na ɗaga ƙafa na kai. Sai tudun takalmin ya shige tsakanin ƙarfen birki da matakin ƙafa ya maƙale. Na ja, ƙafata ta fito, takalmin ya zauna daram a ƙarƙashin birkin kamar an auna shi.

Tsoro ya sa na damƙe hannun babur da ƙarfi. Hannun da na damƙe kuwa shi ne totur.

Na wuce mangwaro. Na wuce ɗan sandan da ke bakin igiya, wanda ya yi tsalle gefe ya bar mini hanya. Na faɗa cikin fili, kan layin farar ƙasa da aka zana wa masu maci, daidai gaban 'yan ajina. Su kuwa suka ga Malama ta wuce gaba. Mai riƙe da allon makaranta ta ɗaga shi, yara talatin da wani abu suka buga ƙafa suka biyo ni. Mai babbar ganga ya ga maci ya fara ba a gaya masa ba, ya ɗauka shi ya yi barci, sai ya saki kiɗa. Da na zo wucewa ta gaban rumfa, ina gani da idona Di'o ya miƙe tsaye, duk manyan baƙi suka miƙe tare da shi.

Hankali ya ce in kama birkin hannu. Muryar bakanike ta ce zai wurgar da ni a gaban Di'o da farin siket. Na bar shi. Abin da ya rage mini shi ne in bi da'irar fili, don ko'ina ban da nan mutane ne.

A zagaye na farko jama'a tafi suke yi. Ina ihu a tsayar da ni, badujala ta cinye muryar, su kuma suna ganin bakina na motsi sun ɗauka taken ƙasa nake rerawa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ɗaga hannu tana cewa, "Malama ya iya, Malama ya iya." (A wajenmu ba ma wahalar da kanmu da bambancin "ya" da "ta".) A zagaye na biyu na cim ma 'yan ajina ta baya. Layi ya tsage biyu, na ratsa ta tsakiya, suka sake haɗewa suka ci gaba da maci, wasu na kuka amma ƙafa ba ta saɓa ba. Ɗankwalina ya tashi ya sauka a kan 'yan sikawut. Daga nan tafin ya fara raguwa. Na ga Hedimasta ya dafe kai da hannu biyu, Di'o kuma ya koma ya zauna a hankali.

A zagaye na uku na daina tunanin kunya, na fara tunanin mutuwa, da yaran mutane da zan iya tafiya da su. Sai na hangi wani mutum ya tsallake igiya ya shigo fili da gudu, cikin fararen kayansa na zuwa coci. Bai bi ni ta baya ba, ya yanke ta tsakiyar fili ya tare ni a kwana. Yaya Bitrus ne. Ban ma san ya zo ba. Ashe ya zo kallon macin 'yan ajina ne, ya tsaya can baya inda ba zan gan shi ba.

Ya kama kariyar babur da hannu biyu. Babur ya ja shi, ya faɗi a gwiwa, ya ci gaba da jansa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, bai saki ba. Ina jin muryarsa a bayana, ba tsawa, irin muryar da yake tashina da ita in na makara: "Auta, saki hannun dama. Buɗe yatsunki kawai."

Na buɗe. Shi ke nan fa. Injin ya yi ƙasa da murya, ya miƙa hannu ya kashe makulli, muka tsaya a gaban rumfar manyan baƙi, ni da takalmi ɗaya, shi da wando a yage tun daga gwiwa har ƙasa, jini na bin ƙaurinsa. Badujala ta yi shiru. 'Yan ajina suka iso, suka ja birki a bayana (su sun san inda nasu yake), suka juya suka sara wa Di'o kamar yadda na koya musu.

A cikin shirun nan Yaya ya sunkuya ya zaro takalmin daga ƙarƙashin ƙarfe, ya ajiye mini a gaban ƙafa. Ya karɓo ɗankwalina daga hannun 'yan sikawut, ya kakkaɓe, ya ɗaga hannu zai ɗaura mini kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya miƙo mini a hannu, ya juya ya fita daga fili yana ɗingishi. Dariyar da ta ɓarke bayan nan ta kai minti nawa ban sani ba, amma ba ita ta sa ni kuka ba.

Washegari Hedimasta ya kira ni ofis. Na tafi da shirin karɓar takardar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye. Ya ce Di'o ya yaba da tarbiyyar 'yan matan, ya ce bai taɓa ganin yara masu bin shugaba haka ba, ko ina shugaban ya nufa. Hedimasta ya ƙara da cewa bai tabbata ko yabo ne ba. (Wata biyu kafin nan sojoji suka sake canza direba a Legas ba a tambayi fasinja ba, don haka kowa ya fassara maganar yadda ya ga dama.) Hukuncina dai shi ne daga yau in riƙa barin babur a gida duk ranar taro.

Da yamma na tura babur ɗin da ƙafa har gidan Yaya. Na tarar da shi a tsakar gida, gwiwa a ɗaure da bandeji, Saratu na fama da wandon a kan keken ɗinki. Ta dube ni, ta dubi wandon, ta ce sai dai a mayar da shi gajere. Na durƙusa na gaishe shi. Wannan karon ban gwada komai a madubi ba, don haka ba abin da ya fito sai, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya ce ya ji. Bai ce ai ya faɗa mini ba, bai kuma ce in kwaso kayana in dawo ba, ko da yake da ya ce, a daren zan dawo. Tambayata ya yi ko gaskiya ne ɗakin kwatas yana yoyo, ya ce ranar Asabar zai zo da kwano da ƙusa. Sannan ya ce darasi zai fara Litinin, kuma mako na farko ba za a kunna inji ba sam. Haka aka yi. Kwana bakwai yana turo ni daga kan gangaren bayan gidansu ina taka birki, yaran unguwa na ƙirga mana.

Na zauna a ɗakina, na hau babur ɗin nan shekara goma sha ɗaya ban taɓa taka ko kaza ba. Amma har na yi ritaya sunana a garin Malama Zagaye Uku, kuma akwai waɗanda na koyar da 'ya'yansu da jikokinsu ba su san ina da wani suna ba.

Shi ya sa yanzu in na ji wani na cika baki ya samu 'yanci, mutum ne ko ƙasa, ba na tambayarsa ina ya nufa, don tayar da inji ba wuya, ni ma a yammaci ɗaya na koya. Nakan tambaye shi ko ya taɓa gwada birkin. In kuma ya ce ba ya bukatar kowa, sai in ba shi shawarar ya dai rage mutum ɗaya da bai zaga ba, wanda zai yarda ya yaga wandon cocinsa a gaban Di'o.