Tuban da Na Yi a Gaban Direbobi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da rana ta yi husufi, domin saura ƙiris in rusa aurena da bakina tun kafin a ɗaura shi.

A lokacin ina kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja a babur daga Jibiya zuwa bakin iyakar Nijar. Ni kuwa mutum ne mai bin diddigin alamomin tashin ƙiyama. Rediyona ba ya jin labarai, sai kaset ɗin wa'azi, wa'azin ma na ƙarshen duniya. In na ga an ɗora bene a kan bene sai in girgiza kai in ce an zo wurin. Ɗakina ma ƙin shafe shi na yi da siminti, wai duniyar saura nawa. (Amma fa ina neman aure. Kada ka tambaye ni yadda na haɗa biyun.)

Wadda zan aura Saratu ce, 'yar Malam Sanda, wani dattijo mai fataucin gero daga Daddara. An sa rana, saura mako uku. Malam Sanda mutum ne mai bincike, buhu ba ya wuce shi bai soka hannu a ciki ba, ko kwanon tuwon wani ya gani sai ya buɗe ya leƙa. Wata rana a majalisarmu ta 'yan kabu-kabu na ce ai wannan Duwan ne, wato yadda mutanen Nijar ke kiran jami'an kwastan. Aka yi dariya, ni har na manta. Suna kuwa ya bi shi har Maraɗi. Dattijo ya rantse duk ranar da ya gano wanda ya laƙaba masa, babu shi babu mutumin har abada. Ni kuma in na je gaisuwa sai in durƙusa in taya shi mamakin rashin kunyar 'yan zamani.

Ranar da abin ya faru ni na goyo shi zuwa iyaka da hantsi. Muna tsaye a bayan layin manyan motoci sai na ga hasken rana yana dusashewa, alhali babu hadari ko kaɗan. Wani sanyi ya taso, tsuntsaye suka ruɗe, masu tallan fura suka fara salati. Kafin in ankara gari ya yi duhu har ga taurari. (Daga baya na ji ashe kwana uku gidajen rediyo suna ta sanarwa. Ni ina can ina juya kaset.)

Na ce shi ke nan, ta zo. Abin da ya faɗo mini shi ne haƙƙin ɗan Adam, wanda Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe. Na saki babur ya faɗi, na zube na rungume ƙafafun surukin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, na kware murya:

"Baba, ka yahe mani don Allah! Ni na sa maka Duwan! Wallahi ni ɗai na, ba kowa ba! Har tahiyarka nake kwaikwaya in ka ba da baya!"

Ban gama share majina ba sai haske ya fara dawowa. Wani zakara ya yi cara. Na ɗaga kai na ga direbobi sun zagaye mu, rana kuma ta fito garau kamar ba ita ba. Wani direban Nijar ya ce, "Kai, wanga duwan ya iya aiki, mai laihi ma kawo kanshi yake!" Wurin ya ɓarke da dariya, har da masu kaki.

Malam Sanda ya zare ƙafarsa ya ce, "Tada mashin." Na tada. Muka kama hanya, ni dai a raina na riga na yi ban kwana da Saratu. Can ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya.

"Ka san abin da ya cece ka?" in ji shi. "Da duhun nan ya taho, ni ma na ɗauka ta zo. Na ce Allah ka shaida na yahe ma kowa, har da ɗan banzan da ya sa mani sunan nan. Ban ruhe baki ba sai ga ka a ƙahwata. Da na san ranar za ta dawo, da na ware ka."

Na ce, "To Baba, maganar auren fa?"

"Na riga na hwaɗa ma Allah, mi zan yi? Ja mu tahi."

Wallahi ban taɓa jin daɗin tuƙa babur irin na ranar ba, har ƙwalla na yi ina tuƙi. Aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

Har gobe na yarda duniya za ta tashi, kuma neman gafara wajibi ne. Sai dai yanzu in na saɓa wa mutum, zaurensa nake zuwa da rana tsaka, in tabbatar babu direba ko ɗaya a kusa, sannan in yi magana ƙasa-ƙasa.