Filogin da Ya Gagari Hajiya Tayyiba

"Da gajiya kuma, mijin da ba ya cefane?"

"Babu gajiya, tsohuwar amarya. Yaya sanyi?"

"Sanyi yana godiya, tunda ka hana ni hita."

Hajiya Tayyiba ce ke wannan magana, tana saukowa ta matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan jikanta Haidar da ke Largo, a Amurka, carbi a hannu. An idar da la'asar. Rana ta shigo ta 'yar tagar da ke daidai da ciyawa, ta kwanta a kan wani baƙin akwati mai tsayin mutum. A cikinsa na'urar ajiya take, wadda Haidar, injiniyan lantarki, yake kira saba. A nan yake kwafe karatun kakansa Malam Yusha'u, mijin Hajiya, Allah ya jiƙansa: kaset ɗari da goma na darussan zaurensa a Zariya, waɗanda zarensu ya tsufa, ba kowanne ke jure juyi biyu ba. Saura ɗaya tak, na darasin ƙarshe, kuma Hajiya ta dage ba za ta miƙa shi ga injin da ke mutuwa kullum ba.

Ta nuna baƙar waya mai kauri da ta bi silin. "Wannan igiyar ɗaure raƙumi fa?"

"Layi na ja wa Malam shi kaɗai, bolt ɗari biyu da arba'in. Mai duba aikin wuta na gunduma ya zo da safe ya sa hannu."

"A Zariya ko soket ɗin mai shayi ɗari biyu da wani abu ne, babu wanda ya sa hannu. Ƙasar da aka ce ta je wata, amma wutarta rabi!"

"Wutarsu ba ta da laifi, Hajiya. Ke kike haɗa hita da buta da dutsen guga a layi ɗaya, makunni ya faɗi, ki ce an ɗauke wuta."

"To ba ɗaukewa aka yi ba?"

"Ke kika ɗauke. Sannan ki bi gida kina zare filogi ɗaya bayan ɗaya, har ki raba Malam da batirin da ke riƙe da shi. Sau biyu ina sake aiki, kaset ɗaya ya tsinke."

Maganar tsinkewar kaset ta taɓa ta, amma ba ta bari ya gani ba. "Shekara hamsin ina yin haka. In wuta ta dawo da fushinta, wa zai tare ta? Ko firji ɗaya bai taɓa ƙonewa a hannuna ba."

"Ai bai taɓa samun damar yin sanyi ba."

"Ja'iri! Kishi ne kawai. Ka ga mijin gaske ya fi ka murya, ka kulle shi a rami."

"Rami mai fanka shida! Ke me kika ba shi? Tabarma da sauro."

"Na ba shi ubanka, ga shi ya haifo mini wahala mai gemu."

Haidar ya yi dariya, ya nuna mata wani ƙaton filogi a bango. "Bismilla, gwada zarewa."

Ta maƙala carbi a wuya, ta kama da hannu biyu, ta ja. Bai motsa ba. Ta sake ja har mayafinta ya zame.

"Sai an murɗa yake fita. Dominki aka ƙera shi."

"Amurkawan sun san ni ne?"

"Labarinki ya riga bizarki isowa."

Ya je akwatin wuta, ya ambaci sunan Allah, ya ɗaga sabon makunni. Fankoki suka tashi da wani gunji mai laushi, irin na ruwan sama tun yana nesa da kwanon rufi. Korayen fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta zauna a matakala ta ƙarshe, tana kallon ƙura na yawo a cikin hasken taga, sai ta ji kamar ƙamshin tawada da jiƙaƙƙen bangon ƙasa ya biyo ta har nan.

Sannan murya ta fito. Malam ne, yana karanta babin tsarki, yana jan Larabci a hankali, yana warware shi da Hausa, da ɗan tarin nan nasa kafin kowace mas'ala. Shekara goma sha tara rabon kunnenta da shi. Ta rufe ido. Ga zaure, ga takalman ɗalibai a bakin ƙofa, ga wayar rikoda ta bi ƙasan labule zuwa ɗakinta.

Sai karatun ya yanke, ƙas. Ya dawo.

"Ku yi haƙuri," in ji Malam daga cikin akwatin, "mu koma farkon babi. Ƙwan fitila ya ɗan ƙyafta, sai Tayyiba ta zare mana waya."

Dariyar ɗalibai ta cika ɗakin ƙasa. Can nesa wata siririyar muryar mace ta amsa: "Malam, rikodar ta aro ce fa!"

Haidar ya harɗe hannu. "Ga shaida daga bakin mijin gaske. Ko shi ma kishi ne?"

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har hawaye suka sauko, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na kewa ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kaset ɗin darasin ƙarshe naɗe a farin ƙyalle.

"Tun ɗazu yana jikinki?"

"Tun asuba. Kun haɗu a kaina ku biyu, na faɗi. Karɓa, ka sa shi da hannun dama."

Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa gaban rikoda.

"Kuma ka kunna mini hita."

"Ita kaɗai?"

"Da buta."

Ta matsa kusa da bango, ta ɗora tafinta a kan baƙar wayar, tana jiran tarin Malam. Ba ta ja ba.