Takardar Da Na Sa Alhaji Ya Dangwala

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo neman aurena karo na biyu, ina da shekara arba'in da takwas. Har yau idan na bi ta ƙofar zauren Yaya Sale sai na ƙara sauri.

Ban shiga aji ba sai da mijina ya rasu, yara suka kama gabansu. Shekara uku na yi a makarantar yaƙi da jahilci ta unguwarmu a nan Daura. Na iya karanta Hausa da rubuta ta, Turanci kuwa ban wuce gaisuwa ba. Amma ku zo ku ga ɗaga kai. Duk macen da ta shigo gidana sayen man gyaɗan da nake sayarwa sai na yi mata wa'azi: "Kada ki kuskura ki dangwala yatsa a takardar da ba ki karanta ba." (Wata har ta koma sayen mai a wani gida saboda ni.)

Sai ga Alhaji Mamman, mai fataucin awaki a kasuwar Mai'adua, wanda matarsa ta rasu. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuwa kun dai ji ni. Ina son auren nan, ba zan ɓoye muku ba. Sharaɗi biyu na gindaya masa: a gidana za mu zauna, kuma ba zan bar makaranta ba. Ya ce ya yarda. Na ce yardar baki ba ta ishe ni ba, sai a rubuce.

Da na zauna na rubuta da hannuna, da an wuce wurin. Amma rubutuna karkatacce ne, layi na hawa yana sauka, ni kuwa takarda mai kwarjini nake so, irin ta ofis. Na tafi shagon kwamfuta da ke kusa da tasha, na ce wa mai shagon, "Yarjejeniya nake so da Turanci, tsakanin mace da namiji da za su zauna gida ɗaya. Gidan nawa ne, kuma ba a ɗaura auren ba tukuna." Ya latsa nan, ya latsa can, ya ce, "Hajiya, ga irinta ma a intanet, sunaye kawai zan canza." Shafi huɗu ya buga mini. Na juya su ɗaya bayan ɗaya ina gyaɗa kai kamar alƙali, don kada ya raina ni.

Na sa hannu. Alhaji bai yi boko ba, saboda haka na shafa masa tawadar biro a babban yatsa. Ya ce, "Kin karanta dai ko?" Na ce, "Alhaji, ni kake tambaya?" Ya dangwala.

Ranar neman auren, bayan la'asar, maza suka taru a zauren Yaya Sale, wanda shi ne waliyyina. Akwai wan Alhaji da ya zo daga Baure, da abokinsa Malam Habu, tsohon hedimasta. Mata ba sa shiga wannan zama, amma ni na yafa mayafi, na durƙusa a bakin ƙofa, na miƙa takarda, na ce a karanta kowa ya shaida.

Malam Habu ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon shafin farko. Ya ce, "Hajiya, in fassara a nan?" Na ce, "Da ƙarfi ma, Malam. Ba ni da abin ɓoyewa."

Ya gyara murya. "Mu biyu da muka sa hannu a ƙasa, muna zaune tare a gida ɗaya ba tare da aure ba, kuma ba mu da niyyar yin aure." Ya juya shafi a hankali. "Nan kuma an faɗi wanda zai ɗauki kare idan an rabu."

Ashe takardar zaman dadiro ce ta Turawa, da sunana da na Alhaji a sama ɓaro-ɓaro. Yaya Sale ya juyo ya dube ni, ya ce, "Tun yaushe?" Ni da ake tsoron bakina a unguwa, sai ga ni na ja mayafi na rufe fuska. Wan Alhaji ya miƙe ya fara laluben takalminsa, na ga aurena yana shirin komawa Baure.

Alhaji ya dubi yatsansa, da sauran shuɗin tawada a jiki. Ya ce wa wansa, "Yaya, zauna. Ni ban iya karatu ba na dangwala, ita ta iya ba ta karanta ba. Ashe mun dace da juna." Sannan ya ce a ba ni biro da farar takarda.

A nan bakin ƙofa, a kan gwiwata, na rubuta sharuɗɗana biyu da Hausa, layi na hawa yana sauka. Malam Habu ya karanta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka sa ranar ɗaurin aure. Shafi huɗun nan kuwa da su na hura wutar suyar ƙuliƙuli washegari.

Ban daina wa'azina ba, sai dai yanzu da kaina nake farawa: jahilcin da na fi tsoro shi ne na wadda ta iya karatu kaɗan, take jin kunyar cewa ba ta gane ba. Alhaji kuma duk ranar da na ɗaga masa murya sai ya ce, "To Hajiya, wa zai ɗauki karen?" Ko kyanwa ba mu da ita.