Rasuwar Na-Wuya, Matashin Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai cike da sanƙarewa, Mai Agogo da iyalansa suna sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa yin barci a zaune, rasuwar abokin tafiyarsa, matashin wuyansa mai hura iska, wanda aka fi sani da Na-Wuya. Marigayin ya ce ga garinku nan a sararin samaniya, a kujerar tsakiya, can ƙuryar jirgi kusa da bayi, a kan hanyar zuwa ganin jika. An saba cewa mamaci ya cika. Shi namu sacewa ya yi.

Mai Agogo ya haɗu da marigayin ne shekarun baya, lokacin da ya fara fita ƙasashe masu nisa sayo agogo da batir. A tafiyarsa ta farko barci ya kwashe shi, ya farka ya tarar da kansa a kafaɗar wani ƙato da bai taɓa gani ba, yawu ya jiƙa wa bawan Allah riga har aljihu. Ƙaton ya zaro hankici yana gogewa a hankali yana kallonsa. Wannan kallon ne ya kai Mai Agogo wani shago a filin jirgi, inda ya ga Na-Wuya a rataye, ruwan toka, lanƙwasasshe, da ɗan bututu a gefe. Tun daga ranar ba su rabu ba.

Waɗanda suka san marigayin sun shaide shi da sauƙin kai. Bai taɓa neman kujerar taga ba. Bai taɓa jawo wa ubangidansa ƙarin nauyin kaya ba, don in an sace masa iska sai ya naɗe ya shige aljihu ya yi shiru. Ya rayu a ɓangaren talakawa, inda gwiwar mutum ke gaisawa da kujerar gaba tun daga tashi har sauka, bai kuma taɓa leƙa bayan labulen nan da masu hali ke miƙe ƙafa ba. Ya sha zufa, ya sha shayin da ya zube, ya sha man gashi, ya ga asirai da yawa da ke fita daga bakin mai barci, bai kai wa kowa labari ba. Ba shi da surutu. In ana hura shi, kumatun Mai Agogo sun kumbura, maƙwabta suna kau da kai, abin da yake cewa kawai shi ne fuuu, fuuu. In ubangidansa ya juya kai cikin barci sai ya amsa da ƙiii, a ladabce.

Iyali ba za su ɓoye ba, marigayin yana da aibi guda: ya cika iya aikinsa. Da zarar ya rungumi wuyan Mai Agogo, shi ke nan, an yi sallama da duniya tun jirgi bai ɗaga ba. A zo da ruwa a wuce, a zo da abinci a wuce, jama'a su tashi su miƙe su dawo, shi yana nan kamar buhun da aka ajiye, sai tayar jirgi ta daki ƙasa. Har alfahari yake yi a shago.

"Ni ban san wata doguwar tafiya ba," in ji shi. "In rufe ido, in buɗe, an iso."

A tafiyar bara ya buɗe ido ya tarar an iso, amma ƙafarsa ta hagu ta riga ta zama ta wani. Takalmi ya ƙi shiga. Haka ya sauko da ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana ɗingishi yana zagin mai takalmi. Babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta dubi ƙafar sau ɗaya ta tasa shi gaba sai asibiti.

"Baba, jini ne ya daskare maka a jijiya," ta ce masa bayan an gama gwaje-gwaje. "Da ya ɓalle ya haura huhu, da yanzu ba da kai muke wannan maganar ba. Zaman nan ne da ba motsi. Daga yau in ka hau jirgi, ka sa safar nan mai matse ƙafa, ka sha ruwa, ka riƙa tashi kana takawa."

Ya gyaɗa kai kamar ya ji. A ransa kuwa laifin na takalmi ne.

Jinyar ƙarshe ta marigayin ba ta yi tsawo ba. Ɗansu da ke aiki a wata ƙasa mai nisan gaske aka yi wa haihuwa, jikan fari, aka ce Mai Agogo da Uwargida su zo. Uwargida ba ta taɓa hawa jirgi ba. A filin jirgi 'yar ta ja ta gefe ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, abin da Mai Agogo ya tsinta kawai shi ne, "Mama, amanarsa na hannunki."

Uwargida ta samu kujerar bakin hanya, shi ta tsakiya, wata ɗaliba da abin sauraro a kunne tana ta taga. Ya zaro Na-Wuya, ya hura shi da irin natsuwar da yake saita agogon kwastoma, ya ɗaura, ya lumshe ido.

"Malam, tashi ka ɗan taka."

"Mm."

"Ga ruwa an kawo."

"Ki sha mini."

Ita ta sha nata ta sha nasa. Ta tashi ta bi hanya har ƙarshe, ta gaisa da ma'aikatan jirgin, ta koyi yadda ake buɗe ƙofar bayi, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, munsharinsa na gasa da inji. Ta sake tashinsa, ta girgiza shi, ta mintsine shi a hannu. Ya juya kai kawai, Na-Wuya ya amsa mata da ƙiii. Da ta sunkuya ɗaukar silifas ɗinta sai ta hango safar nan ta asibiti a cuse cikin aljihun kujerar gaba. Ashe tun kafin a tashi ya zare ta. Ta ɗaga bakin wandonsa. Idon sawun ya fara cikowa, ya hau kan takalmi.

Ɗalibar ta taga ta shaida cewa Uwargida ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa. Daga nan ta shiga gyara mayafinta, ta daɗe tana gyarawa.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce tssss.

Kan Mai Agogo ya riƙa yin ƙasa a hankali har ya faɗa gefe. Ya farka a firgice, iska na hura masa kunne, ya zabura yana neman miƙewa bel ya dawo da shi.

"Jirgi ya huje! Jama'a, jirgi ya huje!"

Wata mata a gaba ta fara salati, wani ya ƙanƙame matarsa, ma'aikaciyar jirgi ta taho da sauri. Ta dube shi, ta dubi abin da ke rataye a wuyansa kamar tsumman goge teburi, ta ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, jirgi lafiyarsa ƙalau. Matashinka ne."

An yi iya ƙoƙari. Mai Agogo ya sa baki ya hura har idonsa ya yi ja. Ma'aikaciyar ta kawo filasta aka manna, iska ta ɓullo ta gefe. Aka manna can, ta ɓullo ta wani gefen. Uwargida, wadda ta yi shekaru a kan keken ɗinki, ta karɓa ta jujjuya shi da tausayi.

"Tsufa ne, Malam," ta ce. "Roba ba ta dawwama."

Tana faɗa tana tare mayafinta da hannu, don ya ƙi zama a kanta tun da fil ɗin da ke riƙe shi ya bar wurinsa.

Sauran tafiyar Mai Agogo bai runtsa ba. Ya naɗe bargon jirgi ya sa a wuya, ya zame. Ya jingina da kujerar gaba, mai kujerar ya kwantar da ita a kan goshinsa. Da baƙin ciki ya ishe shi sai ya tashi, gawar a kafaɗa, ya shiga kai da komo a hanya. Rashin abin yi ya sa ya karɓi ruwa, ruwa ya kai shi layin bayi, a layin bayi ya haɗu da wani dattijo da ke ɗaga dunduniya yana saukewa, ya tsaya kusa da shi suna yi tare suna zagin masu ƙera kujerun jirgi. Safar ma ya mayar da ita, wai don sanyi. Ya sauka wuya a karkace, ido jawur, amma takalmi biyu a ƙafa, ya kuma ɗauki jikansa a tsaye. Yana so a rubuta cewa wannan ba shi da alaƙa da rasuwar.

Bayan an dawo gida an kai gawar wajen mai facin taya na bakin titi. Ya hura ta ya tsoma a bahon ruwa, kumfa ta taso a jere, ƙanana, tazararsu daidai wa daida. Ya ɗago kai ya ce, "Maigida, wannan ba tsufa ba ne. Hannu ne, kuma hannun da ya iya." Mai Agogo ya daɗe yana kallon kumfar. Ya san wadda ta zauna kusa da shi ta bakin hanya, ya kuma san da ƙafafun da ya sauka. Ya ce a rufe bincike.

Marigayin ya rasu ya bar abin rufe ido guda da robarsa ta saki, abin toshe kunne da ɗan'uwansa ya ɓace tun tuni, gorar ruwa da sai yanzu aka san amfaninta, da safa mai matse ƙafa wadda ba su taɓa shiri da marigayin ba. Ya kuma bar wuya guda, maraya.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar bayan an rufe shago, zuwa makwancinsa a kwandon shara na bayan layi. Ba za a yi masa wanka ba, kamar yadda ba a taɓa yi masa ba yana raye. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma a tsaya ta gaban Mai Agogo, don har yanzu ba ya iya waiwaye. Ya roƙi masu zuwa kada kowa ya kawo masa sabon matashi, zuciyarsa ba ta shirya ba tukuna. Uwargida ta ƙara da cewa in dai ya zama dole sai an kawo, to a kawo irin mai iskar nan, kada a kawo na soso.