Fasinjan Tsafe

Wani mutumin Furfuri ne aka ba goron ɗaurin auren ƙanensa ya kai Tsafe kafin Azahar. Lokacin Gusau ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Motoci sun yi yawa, mai ya yi wuya, ba direban da zai tashi da kujera ko ɗaya babu mutum.

Baffansa ya ja masa kunne: "Gusau fa ba Bungudu ba ce. In ka shiga tasha, ka nemi motar da ta kusa cika."

Da hantsi ya isa tashar Gusau. Sai ga wata bas maƙil da mutane, Sule ɗan kamasho yana ta ihu: "Tsafe, saura mutum ɗaya!"

Mutumin ya faɗa ciki yana hamdala. Bai san waɗanda ke ciki 'yan zaman mota ba ne. Sule ke ɗaukarsu su zauna don a ga kamar ta cika, in fasinjan gaskiya ya shigo, ɗayansu ya sulale. Don yawansu, shi kansa Sule bai gama sanin fuskokinsu ba.

Ya kwance goro ya miƙa wa na kusa da shi, tunda abokan tafiya ne. Can wata Hajiya ta shigo, sai tsohon da ke gefensa ya miƙe.

"Baba, ina za ka? Ba Tsafe muka nufa ba?"

"Ni na iso, yaro. Allah shi kiyaye hanya."

Mutumin ya riƙe baki. "Ikon Allah! Birni ke nan. Mota ba ta motsa ba, mutum ya isa."

Haka aka yi ta yi. Duk wanda ya shigo ya ci goro, duk wanda zai sauka ya ƙara da na guzuri. Rana ta take tsaka. Ya leƙo ta taga ya daka tsawa: "Wai yaushe za mu tashi ne? Ana jirana!"

Sule ya matso ya raɗa masa: "Yauwa, haka nan nika so. Ka riƙa yi da ƙarfi masu wucewa su ji."

Mutumin ya ƙara murya har ta dushe.

Ana kiran Azahar mota ta cika da masu tafiyar gaske, direba ya tayar da inji. Sai ga wani Alhaji a guje da jaka. Sule ya buɗe ƙofa ya dubi mutumin.

"To, sauka."

"In sauka? Ni fasinja ne! Wallahi ɗaurin aure za ni!"

"Kai, wanga ya iya aiki! Har ni ka kusa ruɗawa. Sauka, Alhaji na tsaye."

Aka jawo shi da sauran goronsa, mota ta fice. Sule ya tura shi cikin wata bas wadda ba kowa a ciki, ya ce ya zauna gefen taga inda za a gan shi da kyau.

Yana zaune yana share gumi, wata tsohuwa ta leƙo da ƙullin kayanta.

"Ɗana, wagga ta kusa tashi kuwa?"

"Ina zan sani, Iya? Ni ma yau na fara aikin."