An Kafa Wa Likitar Matata Agogo

Jama'a, jiya na kai matata asibiti a cire mata ƙarin da ya tsiro a mahaifa. Fargabarmu ɗaya, kada a ce sai an cire mahaifar gaba ɗaya, ga mu da 'ya ɗaya tal. Ashe gasar tsere muka tarar.

A bakin ɗakin tiyata an kafa allo, an jera likitocin mata daga na ɗaya har na ƙarshe. Gefe ga wani bawan Allah cikin kwat, da agogo rataye a wuya kamar alƙalin wasa. Na tambayi nas, ta ce ai Masu Girma 'Yan Kwamitin Hanzarta Wuƙa ne suka turo shi. Likitan da ya fi saurin farkewa da ɗinkewa, shi ne gwarzon wata.

Madalla da wannan hangen nesa! Ni ko wando ba na ba tela mai gaggawa.

Na duba allo. Likitarmu ce ta biyun ƙarshe. Maƙwabcina mai gyaran rediyo, da ya rako mu, ya ce, "Malam, nemi canji. Na saman can minti ashirin ya gama."

Matata na kan gadon turawa, ta ɗago kai. "Maigida, cikina ne ko naka? Ka bar min mai nawar."

Aka shiga da ita, mai agogo ya danna. Awa ɗaya, awa biyu. Ni ina salati, shi yana tsaki. Har ƙofa ya ƙwanƙwasa, wai, "Likita, kina ja mana baya fa!" Wallahi ba don maƙwabci ya rirriƙe ni ba, da mai agogon ma sai an yi masa ɗinki.

Can likita ta fito, gumi sharkaf, ta ce, "Cire mahaifar ya fi sauri. Na tsaya na tsince ƙarin ɗaya bayan ɗaya, na bar mata abarta." Sai ga ni, ƙato da gemu, ina hawaye a gaban mutane.

Nan take aka mayar da ita ta ƙarshe a allo. Aka ce kada ta motsa, Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamiti na tafe ƙarfe goma sha biyu ya ja mata kunne kan ɓata lokaci.

Sai huɗu da rabi ya iso. Na waiwaya in ga ko mai agogo ya danna masa. Ina! Yana can riƙe da jakar Shugaba, hannu bibbiyu.