Rasuwar Man Ridi na Tsibiri, Mai Rufin Asirin Haɓa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haɓa mai cike da ƙuraje, ni Mushe (wato Malam) Hamidu Nomau, malamin lakwal, makarantar boko ke nan, a unguwar Zariya cikin birnin Maraɗi, a madadin kaina da kumatuna biyu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar aminina, abokin safiyata, Man Ridi na Tsibiri. Ya cika ranar Laraba da hantsi, cikin wannan shekara da darajar kuɗin sefa ta faɗi ta danne mu.

An haifi marigayin bayan kakar bara, a garin Tsibiri, a turmin Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifina. Ita ta soya ridin, ta daka, ta matse da hannunta, ta ɗura shi a tsohuwar kwalbar maganin tari, ta toshe da totuwa. Asalinsa ke nan, bai kuma taɓa jin kunyarsa ba, ba kamar wasu da suka je Yamai taro suka dawo Hausa na yi musu nauyi ba.

Ni mutum ne mai mugun gemu, irin wanda gashinsa ke fitowa ya lanƙwashe ya koma cikin fata neman rigima. Kafin zuwan marigayi, kowane aski sai an zub da jini. Da ya zo aka samu zaman lafiya. Nakan ɗumama ruwa in dafa tsumma a fuska, in zare totuwa ya gaishe ni da "ɓut!" In karkata kwalba ya ce "ɓul-ɓul." Ɗigo kaɗan a tafin hannu, in murza a haɓa, in ɗan saurara ya ratsa, sannan sabulu, sannan reza ta wuce sumul, ba kaushi ba zogi.

Marigayi mai halin kirki ne. Bai shiga jam'iyya ba, balle ya fita ya shiga wata kafin la'asar. Bai taɓa yajin aiki ba. Bai taɓa hawa mota da lasifika ya yi mini alkawarin rijiya ba. Abin da ya ce zai yi, taushi ne, kuma ya yi.

Amma babban aikinsa, wanda saboda shi nake hawaye, rufin asiri ne. Tun da albashi ya koma baƙon da ba a san ranar zuwansa ba, tukunyar gidana ta shiga wani hali. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To duk wanda ya tambayi tawa, marigayi ne ke ba shi amsa, amsar kuwa mai sheƙi. Nakan fito tsaf, kumatu na walƙiya, maƙwabta su ce Mushe yana cikin daula. Mahaucin bakin hanya kan ɗaga mini cinyar rago daga nesa, ni kuma in ɗaga masa hannu irin na wanda nama ya gundura.

Ciwon ajalinsa ya fara da rama. Kullum na ɗaga kwalba sai in ga ya sauka fiye da abin da na ɗiba. Na zargi zafi, na mayar da shi gindin randa. Na zargi totuwa, na sake sabuwa. Na zargi tururuwa. Har gwamnati na zarga, tunda babu abin da ba ta rage ba a ƙasar nan. Muryarsa ta dushe, "ɓul-ɓul" ta koma "ɗis… ɗis." A daidai wannan lokaci ne kuma dambun gidana, wanda a da sai da moɗar ruwa yake wuce maƙogwaro, ya fara laushi da ƙamshi. Na yaba wa uwargida Safiyatu ƙwarai. Na ce lalle zogalen garin Jiratawa na bana daban yake.

Ranar Laraba na dawo ɗaukar alli da na manta, na iske marigayi kife a kan kwano, ƙafa sama, Safiyatu na bubbuga masa gindi. Ya yi "ɗis" ɗaya bai ƙara ba. Na buɗe baki zan yi abin da mai gida ke yi, ta riga ni.

"Malam, haɓakka ba ta kukan yunwa, ɗiyanka na yi. Kai ma hwa ka ci, har ƙari ka biɗa."

Kunya ta rufe ni. Ita ce ma ta yi masa wanka da ruwan zafi a gabana, ta juye ruwan wankan cikin miya.

Marigayi ya rasu ya bar reza ɗaya mai zafin rai, da guntun sabulu, da rabin madubi, da tsumma. Ya kuma bar haɓata cikin takaba. Sau ɗaya na gwada aski ba shi, na fito kamar wanda ya yi kokawa da ƙaya, don haka na bar gemu ya yi yadda ya so. Sai gari ya hau karatun fuskata. Wasu suka ce na koma adawa. Wasu suka ce na sake masallaci. Abokan aikina suka ce rantsuwa na yi ba zan yi aski ba sai gwamnati ta saurare mu, suka tafa mini, suka kuma sa ni a sahun gaba na zanga-zanga mai zuwa, inda kulki ke fara sauka. Mahauci kaɗai ya karanta daidai. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da cinyar rago kan tebur, ya ce, "Allah shi kyauta, Mushe."

Ba a sa ran magaji. Gwaggo Tsahara ta aiko cewa ridin bana tun yana gona aka musanya shi da hatsi.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a ɗauki makara ba, domin an riga an binne marigayi kashi-kashi a cikin iyalin gidan nan, kuma kabari mafi girma yana jikin mai wannan sanarwa. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidana ranar Juma'a bayan la'asar. Kowa ya zo da tabarmarsa, ya kuma ci abincinsa a gida. Ba za a raba waina ba, saboda dalilin da ba sai an faɗa ba. 'Yan siyasa na kowane launi suna iya zuwa, amma wanda ya zo da jawabi ya bar shi tare da takalmansa.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tsura wa fuskata ido, ba abin da ya rage a can. Wanda ke son ganin marigayi gani na ƙarshe, ya sa a kira masa autarmu Ladi, ya dubi leɓenta. Har yanzu da sauran maiƙo, ta hana a wanke mata baki.